Shawara: Shekara biyar ina digiri na uku, na fara tunanin in ajiye karatun

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina koyarwa a wata kwalejin ilimi, kuma ina karatun digiri na uku a fannin nazarin ƙananan halittu a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. Bana shekarata ta biyar ke nan a kan karatun da aka ce mana na shekara uku ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mini wata takwas. Bayan an dawo na tattara samfurana da ƙyar da kuɗin aljihuna, sai aka yi kwanaki babu wuta, janaretan sashe kuma babu mai, firiza ta narke, fiye da rabin abin da na tara ya lalace. Na sake tarawa, na rubuta babi biyu na kai wa malamin da ke duba aikina, yau wata biyar ke nan bai dawo mini da su ba, kuma duk lokacin da na kira sai ya ce yana kan hanya ko yana taro. Maƙalar da na aika wa mujallu biyu an dawo mini da ita. Ƙawata da muka fara rana ɗaya ta kare kundinta tun bara, yanzu Dakta ake kiranta, ni kuwa dangin mijina ba sa haɗuwa da ni ba su tambaye ni yaushe za a gama wannan boko ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya mini daɗi, ina yawan kuka ni kaɗai, kuma na fara yi wa yarana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ina jin kamar na ɓata shekarun rayuwata a banza. Malama, in haƙura in ajiye karatun nan ne, ko in ci gaba?

Daga wata ƙanwarki mai neman mafita.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita ba zan amsa miki ita yau ba, domin duk wanda ya yi gaggawar ce miki ki ajiye ko ki daure, alhali kin yi watanni ba ki samu barcin kirki ba, bai yi miki adalci ba. Mutumin da gajiya ta cinye yana ganin kowace matsala ta ninka girmanta, yana kuma ganin kansa ya gaza a wuraren da a zahiri tsari ne ya gaza masa. Abin da zan iya yi shi ne in taya ki warware wannan ƙulli zare-zare, domin a wasiƙarki kin haɗa abubuwa wajen bakwai kin ɗaure su wuri ɗaya, kin kuma ɗora wa kanki laifinsu duka.

Ki fara da sanin cewa halin da kike ciki sananne ne a wajen masu wannan karatu a duk faɗin duniya. A shekarar 2019 mujallar kimiyya ta Nature ta ji ra'ayin ɗaliban digiri na uku fiye da 6,000 daga ƙasashe daban-daban, sai kashi 36 cikin ɗari suka ce sun taɓa neman taimako saboda fargaba ko ciwon damuwa da karatun ya jawo musu. Da yawa daga cikinsu suna karatu ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, ba a kuma rufe jami'a wata takwas. Idan su abin ya kai su ga likita, to ke da kike haɗa koyarwa da reno da girki da sayen sinadarai daga albashinki, ba abin kunya ba ne don gwiwarki ta yi sanyi.

Ina so in ba ki labarin wata mata, domin yadda ta ɗauki wahalar aikin bincike ya fi duk wata nasiha da zan iya tsara miki da kaina. Sunanta Katalin Kariko, an haife ta a 1955 a ƙasar Hungari, ta tashi a wani ƙaramin gari a gidan da babu ruwan famfo, babu firiji, babu talabijin, mahaifinta mahauci ne. Ta yi karatu a Jami'ar Seged har ta samu digiri na uku a 1982. A 1985 ɗakin binciken da take aiki ya rasa kuɗin gudanarwa, sai ita da mijinta da 'yarsu mai shekara biyu suka nufi birnin Filadelfiya na Amurka. Da yake gwamnatin ƙasarsu a lokacin ba ta barin mutum ya fita da kuɗi masu yawa, sai suka sayar da motarsu, ta ɗinke kuɗin, kimanin fam 900, a cikin 'yar tsanar ɗiyarta. Da wannan suka fara rayuwa a baƙuwar ƙasa.

Abin da ta sa a gaba shi ne sinadarin da ake kira mRNA. Ke kin san shi a aji, amma saboda sauran masu karatu bari in yi bayani a taƙaice. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai kundin umarni, kuma idan jiki yana bukatar ƙera wani furotin, wato sinadarin da ke gina jiki da gudanar da ayyukansa, sai a kwafi umarnin a kan mRNA, shi kuma ya kai saƙon wurin da ake ƙerawa, daga nan ya rushe. Kariko ta yi imanin cewa idan aka haɗa wannan saƙo a ɗakin gwaje-gwaje aka shigar da shi jikin mara lafiya, jikin zai ƙera wa kansa maganin da yake bukata. Yawancin masana na lokacin suna ganin wannan ɓata lokaci ne, domin sinadarin yana saurin lalacewa kuma yana da wuyar sarrafawa. Ta koma Jami'ar Pensilbaniya a 1989, ta yi ta rubuta takardun neman tallafin bincike ana ƙin ba ta, har a 1995 jami'ar ta rage mata matsayi, aka cire ta daga layin da ke kai mutum ga kujerar farfesa. Shekarunta arba'in a lokacin. Waɗanda suka zo bayanta suna ta wuce ta, ita kuwa ta koma dogaro da duk wani babban malami da zai yarda ya ba ta gurbi a ɗakin bincikensa.

A hirarrakin da ta yi daga baya, an sha tambayarta yadda aka yi ba ta karaya ba, kuma amsarta kusan guda ce a kullum. Ta ce tun tana makarantar sakandare ta karanta wani littafi na Hans Selye, likitan nan mai tushe a Hungari wanda ya yi aiki a birnin Montiriyal na Kanada, kuma wanda ya fara bayyana wa duniya a 1936 yadda jiki ke amsa matsin lamba. Darasin da ta ɗauka daga gare shi shi ne mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da yake da ikon canzawa, ya daina ɓata ƙarfinsa a kan abin da ya kamata wasu su yi amma ba su yi ba. Duk lokacin da aka hana ta tallafi ko aka ƙi buga mata aiki, maimakon ta zauna tana lissafin wanda ya zalunce ta, sai ta tambayi kanta abin da ita za ta yi gobe da safe: ko ta gyara rubutun, ko ta sake gwajin, ko ta inganta bayaninta tun da waɗanda suka karanta ba su gane ba. Ta kuma ce ba ta riƙe mutane a zuciya, domin ƙullata da burin ramuwa mai su suke ci, kuma tana gargaɗin matasan masu bincike da kada su zuba ido a kan abokan aikin da ake ɗaukakawa, domin da zarar sun fara wannan, hankalinsu ya bar aikin da ke gabansu.

Wannan magana tana da sauƙin faɗa, kuma na san za ki iya cewa kin sha jin irinta. Abin da ya ba ta nauyi a wajena shi ne yadda ta bayyana a cikin aikin matar kansa. A ƙarshen shekarun 1990 ta haɗu da wani likita masanin garkuwar jiki mai suna Drew Weissman a wurin na'urar kwafin takardu ta jami'ar, suka fara aiki tare, sai suka ci karo da wata babbar matsala: duk lokacin da suka zuba mRNA ɗin da suka haɗa a kan ƙwayoyin garkuwar jiki, sai ƙwayoyin su ɗauke shi a matsayin maƙiyi su tayar da kumburi. Ma'anar wannan ita ce abin da ta kwashe shekaru tana ginawa ba zai yi amfani a jikin mutum ba. Wani a matsayinta da ya rufe littafin gwaji ya ce ƙaddara ta riga fata. Ita kuwa sai ta ci gaba da tsara gwaje-gwaje, har suka lura cewa wani nau'in sinadarin mai suna tRNA, wanda suka sa a gefe don kwatanta sakamako kawai, shi ba ya tayar da kumburin. Da suka bi diddigin dalili, sai suka gano cewa wasu daga cikin sassan da aka gina shi da su suna da ɗan sauyi a siffarsu. Suka musanya ɗaya daga cikin sassa huɗu na mRNA, wanda ake kira yuridin, da wani ɗan'uwansa mai irin wannan sauyi, kumburin ya lafa. Amsar ta fito ne daga gwajin da ya ƙi ba su abin da suke so, kuma mutumin da zuciyarsa ke cike da haushin shugabanninsa da wuya ya tsaya ya lura da abin da samfurin gefe yake gaya masa.

Ko da suka rubuta wannan sakamako, manyan mujallu irin su Nature da Science sun ƙi bugawa. Mujallar Immunity ce ta buga shi a 2005, kuma kusan babu wanda ya kula. A 2013 Kariko ta bar ɗakin bincikenta na jami'a ta koma kamfanin BioNTech a ƙasar Jamus, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne da ba a san shi ba. Sai a watan Disambar 2020, shekara goma sha biyar bayan waccan maƙala, aka fara yi wa mutane rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da kuma na Moderna, dukkansu a kan abin da ita da Weissman suka gano. A watan Oktoban 2023 aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci.

A nan dole in ja hankalinki, domin irin wannan labari yana da haɗari idan aka ɗauke shi a karkace. Ban ba ki shi don ki ɗauka cewa duk wanda ya jure wulaƙanci zai wayi gari duniya tana yi masa tafi ba. Akwai dubban masu bincike da suka yi haƙuri irin nata, suka yi aiki mai kyau, suka yi ritaya babu wanda ya san sunansu, kuma da annoba ba ta zo ba, mai yiwuwa da har yau ba mu san nata ba. Sashen labarin da ya shafe ki shi ne tsakanin 1995 da 2013, lokacin da babu lambar yabo, babu muƙami, babu alamar za a samu. A waɗannan shekaru ta ci gaba da zuwa aiki da sassafe saboda tambayar da take bi tana ba ta sha'awa, kuma ba ta bari hukuncin kwamitin tallafi ko na shugaban sashe ya zama ma'aunin darajarta ba. Ke a wasiƙarki kin mayar da jinkirin malaminki da amsar mujallu biyu da tambayar dangi su ne alƙalan rayuwarki, har kika yanke wa kanki hukuncin cewa shekarunki sun tafi a banza. Matar da ta rasa fiye da rabin samfuranta, ta koma ta sake tarawa da kuɗinta, ta rubuta babi biyu da maƙala tana renon yara uku, ba ta ɓata shekarunta ba.

Yanzu mu ɗora tambayar Kariko a kan abubuwan da kika lissafa. Yajin aiki ya wuce, babu abin da za ki yi a kansa, kuma duk wanda zai duba tarihin karatunki ya san abin da ya faru daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Wuta ma ba a hannunki take ba, amma inda kike ajiye samfuranki yana hannunki, don haka ki raba su gida biyu, ki nemi alfarmar wani sashe ko wani ɗakin gwaje-gwaje mai amfani da hasken rana a ajiye miki rabi, ki kuma adana bayananki a wuri fiye da ɗaya.

Maganar malaminki ita ce ta fi bukatar natsuwa. Ba ki da ikon canza halinsa ko rage masa tarurruka, amma kina da ikon canza yadda kike tunkararsa. Kiran waya abu ne mai sauƙin kaucewa, kuma babi biyu masu kauri abu ne da mutum mai yawan aiki zai yi ta turawa gefen tebur yana cewa sai ya samu lokaci. Ki je ofishinsa da kanki a ranar da kika san yana da aji, ki gaishe shi cikin girmamawa, ki miƙa masa shafi goma ko goma sha biyar da kika buga, tare da tambayoyi biyu ko uku takamaimai da kika rubuta a shafin farko, sannan ki roƙe shi ya sa miki ranar da za ki dawo. Bayan kin fita ki aika masa gajeren saƙo na godiya wanda ya ambaci ranar da ya sa, domin maganar ta zama a rubuce. A yawancin jami'o'inmu ɗalibin digiri na uku yana da masu duba aiki fiye da ɗaya, kuma abin mamaki ne yadda ɗalibai ke mantawa da na biyun har sai ranar kare kundi ta matso. Ki kai masa babin, ki nemi gyaransa, domin aikin ya ci gaba da motsi. Idan kin yi duk wannan har zango ya ƙare babu canji, to ki je wurin jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digiri a sashenku, ki nuna masa ranakun da kika miƙa aiki, ki nemi shawararsa ba tare da zagi ko ɓata suna ba. Bayan shi akwai shugaban sashe, kuma dokokin makarantun manyan digiri sun tanadi hanyar sauya mai duba aiki idan abin ya ci tura.

Na faɗi wannan ne saboda mutanenmu kan fahimci haƙuri a matsayin mutum ya yi shiru ya zauna inda aka ajiye shi, kuma rayuwar Kariko ba ta koyar da haka ba. Ta bar ƙasarta lokacin da aiki ya tsaya. A shekarunta na farko a Amurka, da ta samu wani aiki ta so tafiya, shugaban ɗakin binciken da take ƙarƙashinsa ya yi mata barazanar sa a kore ta daga ƙasar, kuma duk da haka ba ta zauna a wurinsa ba. Daga baya ma ta bar jami'ar da ta yi wa aiki fiye da shekara ashirin ta ƙetare teku zuwa Jamus tana dab da shekara sittin. Neman haƙƙinki ta hanyar da doka ta tanada yana cikin abubuwan da ke hannunki. Idan kuma akwai wani abu da ba ki faɗa ba, wato idan jinkirin nan hanya ce ta neman kuɗi ko wani abin da bai dace ba daga gare ki, to wannan ba maganar lallashi ba ce, ki sanar da mijinki, ki adana duk wata shaida, ki kai ƙara.

Game da maƙalarki, dawo da aiki daga mujallu biyu abu ne da kowane mai bincike ya saba da shi, tun da har aikin da ya kai ga Nobel an dawo da shi. Ki ɗauko sharhin waɗanda suka duba ta a ranar da hankalinki yake kwance, ki ware abin da za ki iya gyarawa da rubutu daga abin da ke bukatar sabon gwaji, ki gyara, ki aika wa mujallar da ta dace da girman aikin. Abin da nake ji miki tsoro shi ne gajiya ta tura ki hannun mujallun nan da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da dubawa ba, domin suna zubar da mutuncin aiki mai kyau, kuma jami'o'i da dama sun daina lissafa su.

Ita kuwa ƙawarki, na san zafin da ake ji idan an kira wadda kuka fara tare da laƙabin da ke ma kike nema, kuma ba zan ce miki jin hakan mugunta ba ne. Sai dai ba ki san irin malamin da ta samu ba, ba ki san nauyin da ke kanta a gida ba, kuma aikinta ba naki ba ne. Ki je ki same ta. Ta riga ta bi hanyar da za ki bi, ta san yadda ake tsara kundi a sashenku, ta san takardun da ake cikewa da ofisoshin da suke kwana, ta san irin tambayoyin da mai jarrabawa na waje yake yi. Ki roƙe ta ta karanta miki babi ɗaya. Sau da yawa kunya ce kawai ke raba ɗalibi da wanda ya fi kowa iya taimakonsa.

A wasiƙarki kin ambaci dangin mijinki amma ba ki ce komai a kan shi kansa mijin ba, wannan ya sa nake zaton bai san zurfin abin da ke damunki ba. Ki zaunar da shi ki gaya masa gaskiya, har da kukan da kike yi ke kaɗai, sannan ki roƙi abu takamaimai maimakon ki ce ya taimaka miki kawai: safiyar Asabar ta zama taki ta rubutu, ko yara su riƙa wuni wurin kakarsu sau ɗaya a mako, kuma shi ya riƙa amsa wa danginsa tambayar yaushe za a gama, domin daga bakinsa za ta fi saurin mutuwa. Kada kuma ki ɗauka karatunki zalunci ne ga yaranki. Ɗiyar nan ta Kariko da aka ɗinke kuɗi a 'yar tsanarta, Susan Francia, ta tashi tana ganin uwarta tana fita aiki tun da duhu, kuma ta girma ta ci wa Amurka lambar zinare sau biyu a tseren kwalekwale na gasar Olamfik, a 2008 da 2012. Tsawar da kike yi wa yaranki alama ce ta cewa ƙarfinki ya ƙare, kuma wannan shi ne abin da ya fi kowanne gaggawa a cikin wasiƙarki.

Selye ya bayyana cewa jiki yana bin matakai uku idan matsi ya same shi. Da farko yana zabura, sannan ya daure ya yi ta jurewa, idan kuma matsin ya ƙi ƙarewa sai ya kai matakin da ƙarfinsa ke ƙarewa gaba ɗaya. Rashin barci, rashin jin daɗin abinci, yawan kuka da jin cewa rayuwa ta tafi a banza, idan suka wuce mako biyu suna tare da mutum kusan kullum, suna daga cikin alamomin da likitoci ke dubawa wajen gane ciwon damuwa. Ni ba zan iya tabbatar miki daga wasiƙa cewa shi ne ke damunki ba, likita ne zai iya, kuma ina roƙonki ki gan shi a cikin wannan mako. Ki fara da asibitin jami'arku ko babban asibitin da ke kusa da ke. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware. Na san sunan da mutane ke kiran waɗannan wurare da shi, na kuma san shi ne ke hana mata da yawa zuwa, amma yawancin waɗanda ke zaune a layin ganin likita a can ma'aikata ne da ɗalibai da iyaye mata irinki. Addu'a da magani ba sa karo da juna, ki riƙe duka biyun. Idan kuwa har tunanin mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki jira ƙarshen mako, ki gaya wa mijinki ko wata 'yar'uwa da kika amince da ita yau, ku tafi asibiti tare. Idan likita ya ga kina bukatar hutu, akwai hanyar dakatar da karatu na zango ko shekara a hukumance, wadda za ta kare miki gurbinki, kuma ta fi ki ɓace shiru a neme ki a rasa.

Ajiye digiri na uku ba zunubi ba ne, kuma na san mutanen kirki da suka ajiye suka ci gaba da rayuwa mai albarka. Sharaɗina ɗaya shi ne ki yanke hukuncin da lafiyayyen jiki. Ki ba kanki wata uku kina bin shawarar likita, kina barci, kina taɓa aikin ko da awa ɗaya ce a rana, kina bin matakan da na faɗa a kan malaminki. A ƙarshen wannan lokaci ki buɗe littafin gwajinki ki duba ko tambayar da ta sa kika fara wannan bincike tana ba ki sha'awa har yanzu, ki auna abin da ya rage na aikin da abin da zai ci na kuɗi da lokaci, ki yi istihara, ki yi shawara da mijinki. Daga abin da kika rubuta, samfura suna hannu kuma babi biyu sun kammala, don haka a ganina kin fi kusa da ƙarshe fiye da yadda gajiya ke nuna miki, amma hukuncin naki ne. Ki rubuto mini bayan kin ga likita kuma kin samu ganawa da malaminki, ki gaya mini ranar da ya sa miki da abin da mai duba aikinki na biyu ya ce. Allah ya ba ki lafiya, ya sauƙaƙa miki.